Kalmomin Turanci da ke kewaye da sunan Allah

Aikin fassara a Jos yana da nauyinsa na daban. Takardar da ka mayar Hausa, limami a Unguwar Rogo zai karanta ta, fasto a Bukuru ma haka, kuma dukkansu "Allah" suke kira. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ma da wannan suna ya yi amfani. Saboda haka duk kalmar da ta shafi Ubangiji, sai na tsaya a kanta.

Babban abin da aikin ya koya mini shi ne, waɗannan kalmomi suna tona inda mai rubutu ya tsaya. Idan ya rubuta "God" da babban baƙi, Allah Ɗaya yake nufi. Idan ya sa ƙaramin baƙi, "god", to abin bauta ne kowane iri, kamar "ilah" da ke cikin kalmar shahada. A Hausa ba kowa ke raba su da girman baƙi ba, don haka gara mai fassara ya raba su da kalma.

"Deity" kuwa ta masu bincike ce, waɗanda ke bayani ba tare da sun ce sun yarda ko sun ƙi ba. Da ita masanin tarihi zai kira Tsumburbura, wadda Barbushe ke yi wa hidima a dutsen Dala. Da zarar ka mayar da ita "gunki", ka sa wa marubucin hukuncin da bai yanke ba, domin gunki shi ne "idol". Ni "abin bauta" nake sawa, ko da jimlar ta ɗan yi tsawo.

Wadda ta fi cin lokacina ita ce "divine". Tana nufin abin da ya fito daga Allah ko ya keɓanta da Shi. Amma "diviner" mai duba ne, irin wanda ke buga ƙasa. Wani ɗalibi da ke koyon aiki a wajenmu ya taɓa fassara ta da "malamin addini" a rahoton wani ƙauye. Abokiyar aikina ta ja jan biro a ƙarƙashinta, ta ce, "Ɗana, zo ka karanta mini wannan da ƙarfi." Tun kafin ya kai ƙarshen layin ya gane.

"Godly" mai tsoron Allah ne, "godlike" kuma wanda ake kamanta shi da abin bauta. Na farko yabo ne, na biyu kan iya tayar da rigima.

Sai "holy" da "sacred". Ta farko ta fi karkata ga tsarkin da ke daga Allah, ta biyu ga abin da jama'a suka keɓe suke girmamawa. Idan rahoto ya ambaci dutse ko kurmin da wata al'ummar Filato ke ji da shi, nakan rubuta "wurin da suka keɓe don ibadarsu", domin su ma za su karanta.