Talata: ranar da aka ɗauke tsohuwar Corolla

Yau da hantsi janwe ya zo ya ɗauki Corollar da ta shekara biyu a tsakar gida ƙarƙashin SORN, wato sanarwar da ake yi wa DVLA, hukumar rajistar motoci a nan Ingila, cewa mota ta bar titi, ba haraji ba inshora. Motar da ke wannan hali ba a tuƙa ta zuwa wurin rushewa ko da tana tashi. Fita ɗaya tak aka yarje mata, zuwa gwajin lafiyar mota, wato MOT, da aka riga aka kama lokacinsa. In aka kama ta a titi ba don wannan ba, tara na iya kaiwa fam 2,500. Sai dai a ɗora ta.

Ɗorawar ce ta ci lokaci. An bar birkin hannu a ja tun ranar da aka ajiye ta, damina da sanyi suka bi ta kai, tsatsa ta liƙe birkin baya har tayoyin suka ƙi juyawa. Sai da direban ya ɗaga ta da jak, ya kwance taya, ya bubbuga da guduma kafin ya saki. Duk motar da za ta daɗe a tsaye, a bar ta cikin giya a tare tayoyin da katako, kada a ja birkin hannu. Batir ya mutu, amma makulli na nan, don haka sitiyari ya buɗe.

Kafin ya ɗaure ta ya leƙa ƙasan salansa ya tabbatar abin nan mai tace hayaƙin mota, da makanikan Najeriya ke kira indomi, yana nan. Ƙarafa masu tsada da ke cikinsa su ne ke ɗaga farashi. Wanda ya cire inji, giya ko tayoyi kuwa, maimakon a biya shi ana iya cajinsa.

Kuɗin ta banki suka shigo. Tun dokar 2013 an haramta sayen ƙarfen bola da tsabar kuɗi a Ingila da Wales, kuma dole a nuna shaida mai hoto. Duk wanda ya zo da kuɗi a hannu irin cinikin 'yan gwangwan, ni ban yarda da shi ba. Wuri mai lasisi ne kaɗai zai tsiyaye fetur, baƙin mai, man birki da ruwan lagireto yadda doka ta ce, kuma shi kaɗai ke ba da takardar shaidar rushewa.

Na miƙa masa takardar mallaka, V5C, na yage ɓangaren nan mai ruwan ɗorawa na riƙe. Da la'asar na sanar da DVLA ta intanet da lambar nan mai alƙaluma 11 da ke jikin takardar, domin rashin sanarwa tarar fam 1,000 ce, kuma motar na nan da sunanka ko an niƙe ta. Shaidar rushewa za ta iso cikin kwana 7.