Kwana goma sha biyu da fara ba su ruwan gishiri

Talata. Tun ƙarfe bakwai na shiga ɗakin rainon shuka, ko jaka ban ajiye ba na wuce layin waken suya. Gabana ya faɗi. Duk tukwanen da nake shayarwa da ruwan gishiri, ganyayensu na ƙasa sun ƙone daga gefe kamar an gifta musu wuta, wasu har sun zube. Ina tsaye ina tunanin ko gishirin ne ya yi yawa, sai dattijon da ke kula da ɗakin ya zo da bokitinsa ya ce, "'Yata, kin duba na sama kuwa?" Na ce, "A'a Baba, bari in duba."

Iri biyu na shuka. A ɗaya, sababbin ganyen kan tsiron kore shar suke, tsofaffin ne kawai suka mutu. A ɗayan kuwa har sababbin sun fara yin ɗorawa. Makon jiya ba a iya bambance su, dukkansu sun tsaya da girma ne kawai.

Haka ya kamata a gani, domin gishiri sau biyu yake bugun shuka. Bugun farko ƙishirwa ne. Ga ruwa a tukunya, amma gishirin ya riƙe shi, saiwa ba ta iya zuƙa. Shuka sai ta saki sinadarin ABA, wanda ke isar da saƙon ƙishirwa a jikinta, ta tsuke ƙananan ƙofofin ganyenta don kada ta yi asarar ɗan ruwan da ke jikinta, girma ya ragu. Bugu na biyu a hankali yake zuwa. Sodiyam da kuloraid, sinadarai biyun da suka haɗa gishiri, suna bin ruwa su hau sama, ruwan ya fice ta ganye ya bar su a can. Ganyen da ya fi daɗewa shi ya fi tara su, shi ya sa yake fara ƙonewa.

Abin da ya sa sodiyam ke da haɗari shi ne kamarsa da fotashiyam, sinadarin da shuka ke buƙata don ta rayu. Yana kutsawa ta wasu ƙofofin da ke tantanin ƙwayar halitta, ya zauna a gurbin fotashiyam, amma ba ya iya aikinsa. Enzayim, wato furotin masu tafiyar da ayyukan cikin ƙwayar, fiye da 50 ne ba sa tafiya sai da fotashiyam. Da rana na zauna na zana wa kaina yadda saiwa ke korar wannan baƙo, don in tabbatar na riƙe shi. Gishiri na taɓa saiwa, kalsiyam ke ƙaruwa farat ɗaya a cikin ƙwayar. Furotin SOS3 ya kama kalsiyam ɗin, ya tada SOS2, shi kuma SOS2 ya kunna SOS1 da ke zaune a tantanin waje. SOS1 ne ke tura sodiyam waje, a madadinsa ƙwayar haidirojin ta shigo. Jian-Kang Zhu da abokan aikinsa ne suka gano wannan jeri a jikin 'yar ƙaramar ciyawar bincike Arabidopsis, wadda dangin shukar mai kanola ce. Abin da ban taɓa tsayawa a kansa ba sai yau shi ne, haidirojin ɗin nan sai da wani famfo ya ƙona ATP, wato makamashin ƙwayar, kafin ya tara shi a waje. Kowace ƙwayar sodiyam da aka kora, an biya ta da abincin da ganye ya haɗa.

Wanda ya tsallake ya shiga jijiyoyin da ke kai ruwa sama, furotin HKT1 na tsamo shi tun bai kai ganye ba. Wanda ya kai kuma, ana cusa shi cikin babbar jakar ruwa da ke tsakiyar ƙwayar, nesa da inda enzayim ke aiki. A 2001 rukunin Eduardo Blumwald sun ƙara wa kanola furotin NHX1 na tantanin wannan jaka, ta yi fure ta yi iri a ruwan gishiri mai ƙarfin milimola 200, ingancin manta bai lalace ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa babban aikin NHX1 ya fi shafar tara fotashiyam, don haka labarin bai kai sauƙin da aka fara ba shi ba. Duk da haka ina son gwajin, saboda sun bi shukar har zuwa mai, ba su tsaya a kan tsiro ba.

Bayan azahar na yi gwajin furolin. Idan jakar ta cika da gishiri, dole sauran cikin ƙwayar ya tara wani abu marar cutarwa da zai riƙe ruwa, in ba haka ba jakar ta tsotse shi. Furolin na cikin irin waɗannan. Na niƙa ganye, na dafa ruwansa na awa ɗaya da ninhaidirin, sinadarin da ke yin ja idan ya haɗu da furolin, kwalaben suka yi ja. Na ɗauka irin mai juriya ne zai fi ja, sai na ga akasin haka. Na kai wa malamina na ce, "Malam, ku duba, ko na haɗa lambobin kwalaben ne?" Ya ɗaga su ya kalla ya ce ba lallai ba ne. Yawan furolin wani lokaci kariya ne, wani lokaci kuma alamar shukar ta ji jiki ce, kada in rubuta cewa shi ne juriya sai na auna sodiyam da kuloraid a ganyen. Na ji daɗin wannan gyara, domin saura kaɗan in gina babi guda a kan launin ja.

Shi ya tuna mini da GmSALT3, ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 3 na waken suya, wadda aka bayyana a 2014. A saiwa take aiki, tana rage gishirin da ke hawa ganye. A wasu irin marasa juriya, wani guntun DNA mai yawo ne ya faɗa tsakiyarta ya katse ta. Zuciyata na ba ni cewa bambancin layukana biyu ke nan, amma sai na cire DNA na duba.

Da yamma na dawo kan ma'aunin da aka saba kawowa: ana kiran ƙasa mai gishiri idan ta kai 4 a dS/m, ma'aunin da ke nuna yawan gishirin ƙasa. Gyaɗa na fara rage amfani tun daga 3.2, waken suya daga 5, auduga mai ba da angurya sai 7.7. Dukkansu suna da famfunan nan da ƙofofin nan. Bambancin yana ga ƙarfinsu, da inda suke aiki, da saurin tashinsu. Abin da ke damuna game da shukar mai shi ne, mai yana cin abinci da yawa kafin ya haɗu a cikin iri. Shukar da ta kwana tana korar sodiyam, ta tsuke ƙofofin ganyenta, ta zubar da tsofaffin ganye, da me za ta cika irinta? Tsiro ya rayu bai ishe ni ba, ina so in kai waɗannan tukwane har girbi in matse irin.

Kafin in tafi na roƙi Baba kada ya share ganyen da suka zube. Na tsince su tukunya-tukunya, na sa a ambulan da lambobinsu, na ajiye a na'urar busarwa. Gobe zan niƙa su tare da ganyen sama, in ga nawa ne sodiyam ɗin da kowanne ya ɗauka.