Ɗan barewar da ya makara

Asabar, 7 ga Satumba, bayan garin Lansing, jihar Mishigan, arewacin Amurka.

Bayan sallar asuba na fito kai shara bakin titi, sai na hango wani abu ja-ja kwance cikin ciyawa a gindin shingen gidanmu. Na ɗauka kare ne. Ashe ɗan barewa ne, bayansa duk ɗigo-ɗigon fari, kunnuwan sun fi ƙarfin kan, ya lafe ko numfashin kirki ba ya yi.

'Yata ta ruga kicin ta dawo da madara a kwano, wai uwarsa ta yar da shi. Maƙwabcinmu, wani dattijo tsohon mafarauci, shi ya dakatar da ita. Ya ce haka uwar ke yi, ta ɓoye shi ta tafi kiwo, ta riƙa dawowa tana shayar da shi, kada kowa ya taɓa.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne lokacin. A nan, barewa mai farar wutsiya tana barbara ne tsakiyar Nuwamba, ciki kusan kwana 200, haihuwa daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni. 'Yan Yuni yanzu ɗigonsu ya fara gogewa. Wannan kuwa, a ganinsa, bai wuce mako biyu ba. Na tsaya ina lissafi da yatsu kamar mai bin bashi: farkon Fabrairu aka yi cikinsa, tsakiyar ƙanƙara.

Dattijon ya ce macen da ba ta ɗauka ba a Nuwamba takan sake neman namiji bayan kwana 28, wani lokaci har zagaye na uku ko na huɗu. Ko kuma uwar 'yar bara ce, sai da jikinta ya yi nauyi sannan ta balaga. A wasu sassan jihar Alabama da ke kudancin Amurka, in ji shi, haihuwar Agusta ba labari ba ce. Matsalar a nan sanyi ne: kafin Disamba dole ya tara kitse, kuma sa'o'insa sun riga shi da wata uku.

Wannan maganar ta tsaya min a rai wuni guda.

Gab da magariba uwar ta fito daga cikin masara, 'yar ƙarama, ƙashin haƙarƙarinta a fili. Ya sha nono, ya miƙe yana tangaɗi, sannan ya bi ta da wani tsalle da ban zata ba. Maman yara ta ce to ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Madarar kuwa ni na zuba a shayi.