Zaɓen mariƙin magagari don wasa sarƙar zarton inji

Na daɗe ina wasa sarƙa da hannu zalla, har sai da zarton ya fara karkacewa cikin gungume, saboda haƙoran gefe guda sun fi na ɗayan gajarta. Daga nan na nemi mariƙin magagari, wato abin da ke riƙe magagari a daidai kusurwa yayin wasa haƙoran sarƙar.

Abin da za a fara dubawa shi ne girman sarƙar, domin shi ke nuna kaurin magagarin: ƙaramar sarƙa tana ɗaukar milimita 4, matsakaiciya 4.8, babba kuwa 5.2 ko 5.5. Ni na fi son mariƙi mai layukan da ke nuna kusurwar wasawa ta digiri 30 a bayansa, wanda yake barin kusan kashi ɗaya cikin biyar na magagarin sama da haƙori. Wanda ake ɗaurawa a jikin takobin zarton (dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai) ya fi daidaito, amma ɗaura shi a daji yana cin lokaci.