Ɗaki ɗaya a Nima ko cemba an hol a Kasoa?

Duk wanda ke aiki a cikin garin Akra kuma ba a gidan gado yake zaune ba, wannan lissafin sai ya yi shi watarana. Haya ta ƙare, mai gida ya ƙara kuɗi kuma adbans ɗin shekara biyu yake so, nan take za ka fara jin maganar garuruwan gefen Akra, ai Kasoa da sauƙi, ai Amasaman da sauƙi, kuɗin da za ka zuba a ɗaki ɗaya a Nima ko Mamobi inda banɗaki ma sai ka bi layi da bokitinka da safe, can zai kama maka cemba an hol, wato ciki da falo, har da ɗan baranda. Kuma ba ƙarya suke ba.

Ni dai abin da na lura shi ne adbans ɗin ne ke korar mutane, ba kuɗin wata ba. Da wata-wata ake biya da yawa za su iya zama kusa da wajen aikinsu, amma a ce ka kawo na wata 24 a dunƙule, ga la'adar ejan, ga kuɗin da zai karɓa tun kafin ya nuna maka ɗakin, ina ɗan albashi zai samo? Doka kuwa tana nan tun 1963, ta ce kar mai gida ya karɓi adbans fiye da na wata shida, ofishin Rent Control ma yana nan, toh amma je ka karanta wa mai gida doka mana, kafin ka rufe baki wani na bayanka da kuɗinsa a leda. A 2023 gwamnati ta fito da wani shiri na biya wa mutum adbans shi kuma ya riƙa biya wata-wata, sai dai sai ka nuna shaidar kana da kuɗin shiga tsayayye, masu buga-buga kuma su suka fi yawa a zango.

Shikenan sai mutum ya tattara ya yi Kasoa yana murna ya rage kuɗi. Kuɗin trotro kuma, wato motar haya, ba ya zafi don kullum kaɗan-kaɗan yake fita, kamar yoyon tulu. Mu ƙaddara sidi 30 kake kashewa zuwa da dawowa, kwana 26 na aiki ya tashi 780 a wata, ban sa waakye ɗin da za ka saya a hanya ba tunda ka fito ba ka karya ba, ban sa okada ba ranar da ka makara. Kuma da yamma direbobi da met ɗinsu sun iya wayo, motar da ya kamata ta kai ka Kasoa kai tsaye sai su ce Mallam kawai za su, a sauke ku a sake lodi, tafiya ɗaya ka biya sau biyu ko uku. Haya in ka biya ka huta shekara biyu, kuɗin mota kuwa mai na tashi ƙungiyar direbobi ta GPRTU za ta sanar da sabon farashi, ba ruwanta da adbans ɗinka.

Sai hanyar ita kanta. Kasoa zuwa Tudu da ke tsakiyar Akra wajen kilomita 30 ne kacal, da tsakar dare ba komai ba ce, amma fito ƙarfe shida na safe ka gani. Old Barrier, SCC, mahaɗar Weija, Mallam, Kaneshie, ko'ina tsayuwa. Da aka daina karɓar kuɗin tolgeti a Nuwamba 2021 an yi ta cewa tirafik ya ƙare, ina! In ruwan sama ya sauka kuwa yashi da laka su gangaro daga tudu su rufe titi wajen SCC, ranar sai dai ka kira oga ka ba da haƙuri. Shi ya sa mutanen can ke fitowa tun kafin kiran asuba, sallar ma a tasha ko a bakin shago ake yinta, a dawo bayan isha'i yara sun yi barci. Ɓangaren Amasaman gadar Pokuase ta taimaka tun 2021, ban musa ba, amma shigowa Achimota zuwa Circle har yau sai haƙuri.

Abin da ya fi damuna ma ba ya shiga lissafin sidi. A zango in matarka ta tafi kasuwa Mma na nan ko wata gwaggo za ta riƙe yara, makarantar allo na bayan gida, mai koko ta sanka za ta ba ka bashi har ƙarshen wata, in an yi rasuwa da safe kafin azahar kana cikin sahu. Ka taso aiki ƙarfe biyar kana da sauran ƙarfin da za ka zauna a ɗan shagonka ko ka yi ɗinki. Wanda ke shafe awa huɗu ko biyar a mota kullum wace sana'a ta biyu zai yi? Da azumi kam a cikin trotro ake shan ruwa, da dabino biyu da fiya wata.

Akwai waɗanda ƙaurar ta karɓe su fa. Wanda ya sayi fili yana gini a hankali, ko wadda ta mayar da kasuwancinta kasuwar Kasoa gaba ɗaya, ko mai aikin dare da ke shiga gari lokacin da jama'a ke fita, waɗannan ba ni da ta cewa. Kuma in iyali sun kai mutum shida a ɗaki ɗaya ga 'yan mata sun fara girma, ba wanda zai ce maka ka zauna don gudun tirafik.

Ƙanena ne ke ta wannan shawara yanzu, aikinsa wajen Osu. Ya ce Yaya ya kake gani, na ce kar ka ba ejan ko sisi tukuna, je ka kwana wajen abokinka a Kasoa sati guda cikin watan Yuni, kullum ka fito aiki daga can ka rubuta abin da ka kashe da lokacin da ka iso gida. Ya ce Yuni ai damina ce, na ce shi ya sa.