Kafin Ki Kai Wa Tela Turmin Nan

Ranar Asabar na ga wata yarinya a Kantin Kwari. Yarinya na ce, ko da yake kaftani ne a jikinta, kuma duk mutanen layin yaro za su kira ta. Mu da aka haife mu maza muke rayuwar mata mun san namu. Shekarunta ba za su haura ashirin ba. Ta sa an sauko mata da turmi uku, duk masu ihun launi, ta yafa ɗaya a kafaɗa, ta ɗaga waya tana ɗaukar kanta bidiyo, yaran shagon suna ƙyafta wa juna ido ta bayanta. Ban yi mata magana ba, don a tsakiyar kasuwa gaisuwata kaɗai ta isa ta ƙara mata idon jama'a. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko Allah zai sa ya kai gare ta, ita da ire-irenta.

'Yata, duk abin da kike shirin yi na riga ki, kuma akasarinsa na yi shi ba daidai ba.

Kuskurena na farko sayen kayan kanti, wato ɗinkakku. Na zubar da kuɗi mai yawa a kansu kafin na gane ba don irin jikinmu aka yanka su ba. Rigar mata ta kanti faɗin kafaɗarta yawanci inci 14 zuwa 16 ne, mu kuwa da yawanmu 17 ne zuwa 19. In ta shiga kafaɗa sai ta yi buhu a ƙugu, in ta zauna a ƙugu sai hammata ta matse, kina ɗaga hannu ɗinkin ya ɓalle ta baya. Siket ma haka. An yanka shi ne da zaton mazaunai sun ɗara ƙugu da inci takwas ko goma, to in ba haka jikinki yake ba sai gefe da gefe su tsaya fanko kamar an rataye shi a ƙusa. Sai ki ce bari ki gyara da ciko, wannan da ake kira acuci maza. Na sa shi. A zafin Kano na watan Afrilu soso ne ke tara gumi, ya fito miki da ƙuraje, ya goce gefe ɗaya kina cikin tafiya ba ki sani ba. Ba na zargin kaina sosai a kan wannan, domin a lokacinmu babu mai gaya maka, kuma wanda ya shekara ashirin yana kallon abu ta taga, ranar da ya samu kuɗi ba ya tsayawa awo.

Atamfa ce ta fi rufa asiri, amma ita ma tana da nata tarkon. Turmi yadi shida ne, yadi kuma inci 36. Ki sa a auna a gabanki, don akwai turmin da bai cika ba, kuma sai a wurin tela za ki ji labari, lokacin da ɗankwali ya rasa inda zai fito. Leshi yadi biyar ake sayarwa, yana kuma buƙatar shafi a ciki, ki sa kuɗin shafin a lissafi tun farko. Abin da ya fi cin doguwar mace shi ne faɗin atamfa, wanda bai cika wuce inci 45 zuwa 48 ba. Wannan faɗin shi ne tsawon zaninki. In kin cire abin da za ki naɗe a ƙugu, mai tsayi sai ta ga zani ya tsaya mata a ƙwauri, ƙafa duk a waje. Maganinsa a yanko ƙyalle inci huɗu ko biyar daga ragowar a ƙara ta sama, inda riga za ta rufe, ba ta ƙasa ba inda kowa zai ga haɗin. Doguwar riga kuwa tana neman inci 58 zuwa sama, don haka ko dai a yanka ta bin tsawon turmin, ko a haɗa a ƙugu. In zanen atamfar mai fuska ɗaya ne, kamar fure mai tsaye ko tsuntsu, aka yanka ta bin tsawo, zanen kwanciya zai yi. Na lalata turmi mai tsada fiye da ɗaya kafin wannan ya shiga kaina. Ki zaɓi zanen da ko ta ina aka juya shi ɗaya ne.

Wajen gane mai kyau, ki juya bayanta. Atamfar kirki ciki da waje kusan ɗaya suke, ta banza bayanta fari-fari ne. Ki murza gefenta tsakanin yatsu: in ta yi ƙarar takarda ta bar miki gari a hannu, sitati ne aka cika mata, wanki ɗaya za ta koma tsumma. Ki jiƙa farin hankici ki goga a lungu ki ga ko tana zuba. Sunan da aka buga a bakin zani kada ya ruɗe ki, har na Holan ana kwaikwayonsa. Wankin farko da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, a shanya a inuwa an juya bayanta. Kuma turmi ɗaya za ki saya, mai duhun launi da ƙananan zane. Ni na fara da ja da ruwan ɗorawa masu manyan furanni, don ina so a gan ni. An kuwa gan ni.

Ɗinkin da ke karɓar mai faɗin kafaɗa sananne ne: bubu, abaya, doguwar riga mai buɗewa daga ƙirji zuwa ƙasa, wuya mai tsini zuwa ƙasa maimakon mai faɗi daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Hannu mai kumburi a sama ki bar wa masu ƙaramin jiki, ƙara miki faɗi zai yi. Ki auna kanki a ɗaki da tef ki rubuta: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, mazaunai, zagayen hammata, zagayen damtse, tsawon hannu, tsawon riga. Zagayen hammata da damtse su ne telan da ya saba da awon mata yake cin amanarsu, ki ƙara inci ɗaya a kowanne. Rigar mama ana aunata daga ƙarƙashin ƙirji, kuma mai faɗin zagaye da ƙaramin koko wuyar samu gare ta a kasuwa. Akwai ɗan maƙalin ƙari da ake sa wa a baya, ya fi ki sayi matsattsiya ta riƙa yanka miki haƙarƙari. Takalmi kuwa, na mata a Sabon Gari yawancinsa daga lamba 37 zuwa 41 ne. Na shekara ina cusa ƙafa a abin da bai kai ni ba, har yau yatsuna suna ba da shaida. Ki zana tafin ƙafarki a kwali da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki kai wa masu ɗinkin takalmi irin na Ƙofar Wambai su yi miki flat daidai ke.

Duk wannan mai sauƙi ne, kuɗi kawai yake ci. Wanda ya fi shi ciwo shi ne abin da na zuba wa jikina. Man bilicin na shafa shekaru. Masu saurin aikin nan akwai sinadarin hydroquinone a cikinsu, ko maganin kumburi mai ƙarfi da likita ke rubutawa don cutar fata, wasu har da sinadarin mercury mai lalata ƙoda. Fata takan yi fari, sannan ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, kunci ya ƙone da tabon da hoda ba ta rufewa, ciwo kuma in ya samu ba ya saurin warkewa. Ga sha-ka-fashe da ake sha don a yi ƙiba: fuska da ciki yake kumburawa, ƙafafu su rame, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Sai babbar, wato ƙwayoyin tsarin iyali da ƙawaye ke ba juna don ƙirji ya fito. Irin sinadarin da ke cikin yawancinsu yana sa jini ya daskare a jijiya, musamman ga mai shan sigari ko mai ninka adadi. Alamarsa ƙwauri ɗaya ya kumbura ya yi zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya da ciwon ƙirji. Wannan asibiti ake gudu da shi a daren, ba a jira safiya. Na sha su, ba zan ɓoye ba, kuma zan iya cewa ba mu da likitan da za mu tunkara ba tare da tsoro ba, gaskiya ne. Amma rashin likita bai mayar da mai kemis likita ba, balle ƙawa. Allurar cika mazaunai da wani ke yi a ɗakin haya kuwa, ko kyauta ce kada ki kwanta.

Yanzu maganar da na fi so ki ji, wadda na yi ta kewaye-kewaye kafin na iso. Nan Kano ce. Tun shekarar 2000 akwai dokar jiha da ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya ko biyan tara ga namijin da ya yi shiga ko ɗabi'a irin ta mata. Ga ta tarayya mai hana auren jinsi, da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, wadda ba ta yi maganar tufafi ba, amma ta sa duk wani taronmu ana iya kiransa ɗaurin aure. A Disambar 2022 Hisbah ta kama mutum 19 a wani taro a garin nan bisa wannan zargin. A 2021 ko mutum-mutumin da teloli ke rataya wa kaya an hana. A Agustan 2024 aka tsinci gawar wata irinmu da ake kira Abuja Area Mama a gefen titi a Abuja, ita da dubbai ke kallo a TikTok. Ku yaran yanzu kuna ganin Bobrisky kuna cewa ai ga ta nan. Ita da kuɗinta da lauyoyinta da Legas ɗinta, a 2024 sai da ta yi zaman gidan yari na maza kan liƙin naira. Ke wa gare ki? Wayar da kika ɗaga a Kwari, kin san hannu nawa bidiyon zai bi kafin magariba? Kin san zai isa wayar kawunki kafin ke ki isa gida? Abin da ke ba ni haushi da ku ke nan, komai sai an nuna, ko ɗinkin bai fito ba an riga an sanar da duniya. Iyayenmu a wannan rayuwa sun yi zamaninsu suna tuyar kaji da sayar da tuwo a tasha, ana kiransu 'yan daudu, ana zaginsu ana kuma cin abincinsu, sun yi bukukuwansu sun ɗaura zannuwansu, amma sun san ɗakin da ake ɗaurawa da titin da ake kwancewa.

Na yi niyyar jero miki shawarwari goma, da na zo rubutawa sai na ga ba su kai ba. Ki samu sana'a da ɗakin da ke kike biyan hayarsa kafin ki sayi ko ɗankwali, domin ranar da aka gano kayan a ƙarƙashin katifa, a daren ake korar mutum. Tela ɗaya za ki riƙe, wanda wata babba ta haɗa ki da shi, ki kai masa awo a takarda, ki biya a hannu, kada ki bar masa hotonki. Wanda ya san sirrinki kuma ya san kina tsoro, wata rana zai iya sa masa farashi. Kada ki sa hijabi ko niƙabi ki fita titi da sunan ba mai gane ki. In aka gane, ba wanda zai tsaya tambayar abin da ke zuciyarki, ɓarawo ko mai satar yara za a kira, kuma taron Kano in ya haɗu ba ya jiran ɗan sanda. Kada ki kutsa cikin matan aure a gidan biki in ba su suka kira ki sun san ko ke wace ce ba. Suna da haƙƙinsu, kuma mazansu ba za su saurari bayani ba.

Ga shi ina ce miki ki ɓoye, alhali ni ɓuyan ne ya fi cina. Shekarun da na yi ina naɗe kayana a ƙasan akwati, ina fitowa da babbar riga ina daidaita murya, ba na fatan su ga maƙiyina. Na san irin numfashin da mutum ke ja ranar da ya fara ganin kansa a madubi cikin abin da ransa ya daɗe yana so, kuma ba zan ce miki ƙarya ne ba. Na san kuma abin da malamai ke karantowa a kan namiji mai kamanta kansa da mata, na ji shi tun ina allo, ban daina salla ba, ban kuma daina kuka a kanta ba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ke ma naki tsakaninki da Shi ne, ba ni da fatawar da zan ba ki. Fitowa fili da na yi ta raba ni da mutanen da har gobe nake mafarkinsu, kuma da za a mayar da ni baya ban san ko zan fasa ba. Abin da na tabbatar kawai shi ne da na jira na tsaya da ƙafata tukuna, kuma da mahaifiyata daga bakina ta ji, ba daga bakin maƙwabta ba.

Turmi ukun nan, in ba ki kai ɗinki ba tukuna, mayar da biyu ko ki sayar wa wata, ki ajiye kuɗin a asusun haya. Mai duhun cikinsu ki sa a yi miki bubu mai tsinin wuya, a bar inci biyu a lanƙwasar ƙasa saboda shigewar wankin farko. Bidiyon kuma ki goge shi yau, har a kwandon sharar wayar.