Dutse da ƙarfe, wanne ya fi yanka?

Da layyar bana wani abokina mai karatun kayan tarihi ya fasa dutsen ƙanƙara, wato dutsen nan mai tauri da ake ƙyasta wuta da shi, ya miƙo mini ɓallin ya ce in gwada fiɗa da shi. Wallahi na sha mamaki. Tsakanin fata da nama ya bi sumul, ko dannawa ba na yi. Amma da ya ci karo da ƙashi sai bakin ya gutsure, dole muka koma ga wuƙa.

Bambancin yana cikin yadda kowanne yake lalacewa. Irin wannan dutsen ya fi ƙarfe tauri, kuma bakinsa na fita siriri, sai dai ba ya lanƙwasa, fashewa yake. Ƙarfe kuwa dakushewa yake yi, ka goga shi a dutsen washi ya dawo daidai, in ya karye maƙeri ya sake ƙera shi. Akwai baƙin dutse mai kama da gilashi da aman wuta ke fitarwa, wanda kaifinsa ya zarce na askar tiyata, har wasu likitoci sun yi aiki da shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne mutanen Nok, wata tsohuwar al'umma da ta rayu a tsakiyar Najeriya. A Taruga, kusa da Abuja, suna narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma duk da haka a wasu wurarensu ba su yar da kayan aikinsu na dutse ba. Yanzu da hannuna ya gwada, na ga dalilinsu. Mahauci dai gobe ma wuƙarsa ta ƙarfe zai ɗauka, don sara da daddatsa ƙashi ba aikin dutse ba ne.